Daidaiton taɓawa a allunan jama'a

Daidaiton taɓawa shi ne dacewar inda yatsa ya nufa da inda na'ura ta karanta, a allunan jama'a kamar na ATM da na sayar da tikiti. Gilashin kariya mai kauri ne babban cikas: dogo da gajere kowa daga kusurwarsa yake hango maɓalli, sai yatsa ya sauka a gefe. Ƙura da danshi ma kan rikita allon.

A 1988, Ben Shneiderman da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka sun gwada dabarar da na'ura ba ta karɓar zaɓi sai an ɗaga yatsa, don mutum ya gyara kafin ya saki. Kurakurai kuwa sun ragu. Ana kuma ƙara girman maɓallai da sake saita allon lokaci-lokaci.