Ɗaurin Zani: Ire-irensa da amfaninsa a ƙasar Yauri

Zani shi ne suturar da ba ta buƙatar maɓalli ko zariya. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, wanda ɗauri kaɗai ke mayar da shi tufa. Wannan ne ya sa Hausawa suka ɗauke shi a matsayin alamar rufin asiri, har sukan ce an kwance wa mutum zani a kasuwa idan an tozarta shi a bainar jama'a. A ƙasar Yauri ta Jihar Kebbi, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, inda rayuwa ta dogara ga Kogin Kwara da Tafkin Kainji, aikin da ke gaban mace shi ke yanke mata irin ɗaurin da za ta yi.

Awo da asali

Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma ana fitar da falle 3 daga cikinsa, kowanne yadi 2. Galibi falle ɗaya ne zani, na biyu a ɗinka riga, na uku kuma a fitar da ɗankwali da abin goyo. Kafin yaɗuwar atamfa, zanin saƙa ake ɗaurawa, wanda masaƙa ke saƙawa ƙwarya-ƙwarya, a haɗa da allura, a kai marina.

Ita kanta atamfa tana da dangantaka da zanin mutanen Indonesiya da Malesiya da ake kira sarung, kalmar da ke nufin kube, domin sau da yawa ana haɗe bakinsa biyu da ɗinki, mutum ya shiga ciki ya naɗe a ƙugu. Turawan Holan ne suka kwaikwayi zanen kakin zuma na tsibirin Jaba da injina. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, shi ne tushen abin da 'yan kasuwa ke kira atamfar Holan. A Arewa kuwa, masaƙar zamani ta Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957.

Ɗaurin ƙugu

Wannan shi ne ɗaurin fita unguwa da kasuwa da ofis. Mace za ta riƙe zanin ta bayanta, ta ɗan buɗe ƙafafu, ta kawo gefen hagu ta soke shi a kwiɓin dama, sannan ta jawo gefen dama ta rufe, ta soke haɓar a hagu. Buɗe ƙafafun shi ne sirrin abin: wadda ta ɗaura ƙafafunta a haɗe za ta iske zanin ya hana ta taku. Masu doguwar zirga-zirga sukan sa tela ya ɗinka igiya a bakin zanin, ko su ƙulle haɓoɓin biyu. A haɓar zani ne kuma iyayenmu mata ke ƙulle kuɗin ciniki.

Ɗaurin ƙirji

Ana ɗaga zanin zuwa ƙarƙashin hammata, a soke, sannan a naɗe bakinsa waje sau ɗaya ko biyu don ya kama. Ɗauri ne na cikin gida, na wanka da wanki da lokacin zafi. A da, shi ne shigar yau da kullum ta mata da yawa a karkara, kafin riga da mayafi da hijabi su zama ruwan dare. A yau ba a fita da shi cikin gari.

Ɗamara

Ita ce ɗaurin aiki. Ana tattare zani zuwa ƙwauri, a naɗe wani ƙyalle ko gyale kamar igiya, a ɗaure shi tamau a kan ƙugu. Ɗamara tana hana zani zamewa idan an sunkuya, tana kuma tallafar baya. Ita ake gani ga masu gyaran kifi da banda a bakin ruwa, da masu aikin albasa da aka san Gungawa da nomanta. Daga nan ne aka samo maganar ɗaura ɗamara, wato shirya wa babban aiki.

Goyo

Uwa za ta sunkuya, ta ɗora jariri a baya, ta rufe shi da zani, ta soke bakin sama a ƙirji, ta ƙulle na ƙasa a ciki. Sannan ta ƙara majanyi a ƙarƙashin mazaunin yaron, wanda shi ke ɗaukar nauyin. Jinjirin da wuyansa bai yi ƙwari ba ana kai zanin har ƙeyarsa, amma ba a rufe masa hanci.

Maza da zani

Ɗaurin zani bai keɓanta ga mata ba. Mazajen Indiya da Bangaladesh suna da lungi, na Yaman suna da futa. A ƙasar Hausa namiji yakan ɗaura zani a cikin gida ko a wurin wanka, kuma kowane alhaji ya san ɗaurin harami.

Zani a cikin jirgin ruwa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, jirgin ruwa ya ci gaba da zama hanyar kasuwa ga ƙauyuka masu yawa. Hatsarin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya nuna girman haɗarin wannan hanya.

Zani ba ya cikin abubuwan da ke kifar da jirgi, amma yana iya ƙara wa wanda ya faɗa ruwa wahala. Auduga idan ta jiƙe tana yin nauyi, dogon zani kuma yana harɗe ƙafafu. Saboda haka ya fi dacewa mace ta sa dogon wando a ciki, ta yi ɗaurin sokewa maimakon ƙulli mai wuyar kwancewa, domin ta iya yar da zanin ba tare da tsiraici ba. A wajen shiga da fita, a tattare shi don kada a taka bakinsa. Mai goyo ta sauke yaronta ta rungume shi a gaba, inda take ganin fuskarsa. Rigar kariya kuwa a kan dukkan tufafi ake sa ta, a ɗaure igiyoyinta kafin jirgi ya tashi.