Daga madugu zuwa salula

Ƴan'uwa ɗalibai, ni ilimin harsuna nake karantawa, shi ya sa nakan nemi tarihi cikin kalmomi. Ku ɗauki "madugu". Yau akan ji shi a sunan mutum, alhali a ƙarni na 19 shi ke jan ayari daga Damagaram, a bi ta Agadas, a nufi Tarabulus da fatu da gashin jimina. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka juya kudu wajen teku. Tafiyar watanni bisa raƙumi ta koma ta kwanaki, aikin madugu a wannan hanya ya mutu.

Fataken da suka zauna jiran ayari sun karye. Wasu kuwa suka kama sayen gyaɗa suna kai wa kamfanonin Turawa, kuma nan alhazan Maraɗi suka fara tasowa. Da farin 1973 zuwa 1974 ya durƙusar da gyaɗa, suka sake juyawa, suka ƙarfafa safarar kaya zuwa Najeriya.

Ga kuma "dillali", wadda muka aro daga Larabci. Babban jarinsa shi ne sanin kuɗin gero a kasuwar da kai ba ka je ba. Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsinmu daga 2001 zuwa 2006, ta tarar bambancin farashi tsakaninsu ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Labarin da ake biya a ji, kira ɗaya ya isa.

To yanzu intanet ce ta zo. Mai atamfa a Zinder na iya saka hoto a WhatsApp, mai saye a Yamai ta aiko kuɗi ta Nita, a ɗora kaya a mota. Ni dai abu biyu nake gani. Na farko harshe: masu saye da yawa ba su karanta Faransanci, don haka saƙon murya da Hausa ya fi dogon rubutu kawo ciniki. Na biyu amana: wanda bai taɓa kaya da hannunsa ba, maganarka ya saya. Ka aika abin da ya saɓa wa hoto sau ɗaya, kafin magariba gurup goma sun ji.

Mu da muka iya danna waya, mu zauna da iyayenmu a kanti: mu ɗauki hoto, su koya mana cika alkawari.