Duwatsu Ɗari da Rana Guda: Yadda Dattawan Japan Suka Gaji Tsaunuka

Wanda ya isa gindin wani sanannen dutse a Japan da asubahin ranar Asabar, mutanen da zai fi gani suna ɗaure igiyar takalmi masu furfura ne: 'yan fansho, da mata masu jikoki, kowa da sanda biyu da jaka a baya. Za su yi tafiyar awa takwas ko goma, su taɓa ƙololuwa, su sauko kafin duhu. Al'adar ba ta daɗe ba, kuma babban kaso na asalinta yana komawa ga littafi guda, wanda marubucinsa bai nufe shi da abin da aka mayar da shi ba.

Tun da daɗewa hawan dutse a Japan ibada ne. Masu bauta cikin fararen tufafi ke hawa Fuji da Tateyama, kuma an hana mata kaiwa saman Fuji har zuwa 1872. Hawa don nishaɗi ya zo daga baya, da tasirin Turawa irin su Walter Weston, ɗan mishan daga Ingila, aka kafa ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta ƙasar a 1905. Sai 1956, da ayarin Japanawa ya zama na farko da ya kai ƙololuwar Manaslu a Nepal. Matasa suka yi ca a kan duwatsu, ɗalibai da ma'aikatan kamfanoni suna cika jiragen ƙasa na dare. Daga nan aure da aikin ofis suka ɗauke su shekara talatin.

A tsakiyar wannan zamani ne Fukada Kyuya, marubuci haifaffen 1903 a lardin Ishikawa, ya riƙa buga gajerun maƙaloli a wata mujalla, kowacce a kan dutse ɗaya da ya taka da ƙafarsa. An haɗa su littafi a 1964 da suna Nihon Hyakumeizan, wato fitattun duwatsu ɗari na Japan, ya kuma ci kyautar adabi ta Yomiuri. Ma'auninsa uku ne: kwarjinin dutsen, tarihinsa da mutanen da ke kewaye da shi, da wani hali nasa da babu shi a wani. Ya ɗauki tsawon mita 1,500 a matsayin iyaka, sannan ya karya dokar da kansa saboda Tsukuba mai mita 877 da Kaimon mai mita 924. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa littafin zaɓin mutum ɗaya ne, mai son zuciya irin na masoyi. Adabi ne; mai neman inda zai sami ruwan sha a hanya ba zai ƙaru da shi sosai ba.

Amma ɗari adadi ne da ake iya ƙirgawa, abin da ake ƙirgawa kuwa ana son a kammala shi. A shekarun 1990 tashar NHK ta nuna duwatsun ɗaya bayan ɗaya a talabijin, daidai lokacin da matasan zamanin Manaslu ke ajiye aiki. Suna da lokaci, da kuɗin fansho, da tsohuwar ƙauna da ba ta mutu ba. Tituna sun riga sun kutsa cikin kwaruruka, motoci masu tafiya a kan igiya suna kai mutum rabin hanya, kamfanonin yawon buɗe ido suka fara sayar da jerin sunayen Fukada kamar kaya a kasuwa: dutse biyu a kwana uku, da mota, da masauki, da ɗan jagora. Daga 2007 kuma ɗimbin waɗanda aka haifa tsakanin 1947 da 1949 suka fara cika shekara 60.

Nan ne lissafin ya zama mai haɗari. Wanda ya fara yana da shekara 60, yana cin dutse biyar a shekara, sai ya kai 80 kafin ya gama. Don haka yana gaggawa, kuma mutum yakan fara da masu sauƙi, ya bar masu wuya zuwa lokacin da gwiwa ta fi rauni. Hiragatake misali ne. Tsawonsa mita 2,141, babu ɗakin kwana a kansa, hanyar da aka saba bi kuwa ta haura kilomita 20 zuwa da dawowa, tafiyar kusan awa 12. Dole a tashi da fitila a goshi kafin alfijir. Hawan ba shi ne matsalar ba. Numfashi yakan gargaɗi mutum ya tsaya. Gangarowa ce ke cin naman cinya a ɓoye, don tsoka tana aikin birki a kowane taku, sai a awa ta tara ƙafa ta daina bin umarni, ido ya gaji, haske ya ragu. Ƙididdigar 'yan sandan Japan ta daɗe tana nuna abu ɗaya: kusan rabin waɗanda hatsarin dutse ke rutsawa da su sun kai shekara 60, kasonsu cikin mamata ya fi haka, kuma ɓatan hanya ne ke kan gaba cikin dalilai, faɗuwa na biye.

Ranar 16 ga Yulin 2009 ta nuna abin da jadawali ke iya yi. Wani ayari na mutum 18, baƙi 15 da jagorori 3, yana ranar ƙarshe ta tafiyar kwana uku a Tomuraushi, ɗaya daga cikin ɗarin, a tsibirin Hokkaido. Sun kwana da jiƙaƙƙun kaya, gari ya waye da iska mai ƙarfi da ruwan sama, duk da haka suka fita daga ɗakin mafaka, domin tsarin tafiyar bai ware ranar jira ba. A fili mara kariya sanyi ya shiga jikinsu, zafin jiki ya riƙa faɗuwa, wasu suka kasa tafiya, wasu suka rikice, ayarin ya warwatse. Mutum 8 suka rasu, har da jagora ɗaya, akasarinsu 'yan shekara sittin da wani abu. A tsakiyar lokacin zafi ne wannan ya faru.

Ba adalci ba ne a ɗora wa tsufa laifin duka. Mutanen nan sun fi matasa da yawa juriya, kuma a ƙasar da Miura Yuichiro ya hau Everest yana da shekara 80 a 2013, ba wanda zai ce wa dattijo ya zauna a gida. Abin da ya gaza shi ne ikon juyawa baya, wanda tikitin jirgi da aka riga aka biya da suna ɗaya da ya rage a jeri suke raunanawa. Gyaran da ya biyo baya ya karkata ga wannan. A 2014 lardin Nagano ya fitar da jadawalin da ke auna kowace hanya da ma'auni biyu, ƙarfin jiki daga 1 zuwa 10, wahalar hanya daga A zuwa E, domin mutum ya gwada kansa da hanyar kafin ya bar gida. Wasu larduna suka kwaikwaya.

Fukada bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ranar 21 ga Maris 1971, yana da shekara 68, ya fita tafiyar yini da abokansa, jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa dab da ƙololuwar Kayagatake a lardin Yamanashi. Dutsen yana da mita 1,704, kuma ba ya cikin ɗarin.