Tarihin Ƙanƙara da Ƙyastu: Yadda Magabata ke Zaɓen Dutse

 A wannan fitowa za mu yi magana bisa wani sani da ke shirin ɓacewa, wato sanin dutse.

Dattawa sun san cewa kafin alimeti ya zo, matafiyi ba ya rabuwa da zabirarsa. Cikinta akwai ƙyastu, da ƙanƙara, da ƴar abdugar rimi. In ya ƙyasta, kaifin dutsen ne ke kankaro ƙarfen, ɗan abin da ya kankaro shi ne tartsatsin da ke kama abduga. Saboda haka dole dutsen ya fi ƙarfe tauri, ya kuma zama mai kaifi. Bindigar mahalba ma da ƙanƙara take tashi. Har daga wani gari mai suna Brandon a Ingila an yi ta sassaƙo ƙanƙarar bindiga ana kawowa Afirka.

Amma aikin dutse ya girmi ƙarfe nesa ba kusa ba. A arewacin ƙasarmu, inda yau babu kome sai rairayin Tenere, da can akwai tabkuna da kifi da dorina. A Adrar Bus, gefen duwatsun Abzin, masana sun yi bincike a 1959 da 1960, wasu kuma suka koma a 1970, suka tarar da kan kibau da wuƙaƙe na wani koren dutse mai santsi. A 2000 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya gano Gobero, inda aka samu kaburbura wajen 200 a bakin tsohon tabki. Na farkonsu sun kusa shekara 10,000. Koren dutsen da mutanen baya na Gobero suka yi aiki da shi, daga wani wuri mai nisan fiye da kilomita 100 aka ɗauko shi. Mu duba fa: mutum ba ya yin wannan tafiya a ƙasa, sai in ya san dutsen da ke kusa da shi bai kai na nesa ba.

To, yaya ake gane dutse mai kyau? Hanya huɗu ce, kuma masu wannan aiki har yau da ita suke amfani.

Ta farko kunne. A riƙe dutsen a ƙwanƙwasa shi da wani. In ya yi ƙara garau, lafiyayye ne. In ƙarar ta mutu, akwai tsaga ciki. Haka iyayenmu mata ke gwada tukunya a kasuwa.

Ta biyu ido da yatsa. Ana son dutse mai laushin jiki, wanda ba a ganin tsaki cikinsa. Duwatsun da ke zagaye da birnin Damagaram sun yi kyau ga dutsen niƙa saboda kaushinsu, amma ba su ba da kaifi.

Ta uku fashi. A buge gefe guda a ga yadda ɓallin zai fita. Na kirki yana fita da lanƙwasa kamar fasasshiyar kwalba, bakinsa na yanka fata. Wanda ya marmashe, a yar da shi. Farin tsakuwar gulbi yana ba da wuta, amma ba ya fashewa yadda mai aiki ke so.

Ta huɗu wurin da aka samo shi. Dutsen da ya daɗe a sarari, zafin rana da sanyin dare sun riga sun tsattsaga shi. Gara a tona, ko a bi bakin ƙorama bayan ruwan sama, inda ƙasa ta zaizaye ta fito da sabo.

Akwai kuma abin da muke kira gatarin aradu, wanda manoma ke tsinta a gona. Mun tashi mun ji ana cewa tsawa ce ke jefo shi. Ba mu raina maganar manya ba, amma bincike ya nuna hannun mutum ne ya wasa shi bisa wani dutse har ya yi sumul. Shi wannan, dutse mai jimirin bugu ake nema masa, wanda ba ya saurin fashewa, domin aikinsa saran itace ne. Kowane aiki da irin dutsensa.

Ga dalilin da ya sa muka kawo wannan magana. An daɗe ana kwashe irin waɗannan kaya ana sayar wa baƙi da ƴan kuɗi kaɗan. Dutsen da aka ɗauke daga wurinsa, labarinsa ya tafi, don ba wanda zai sake sanin inda ya fito. A 1997 gwamnati ta kafa doka ta kare kayan tarihi, kuma akwai gidan tarihi na ƙasa a Yamai tun 1959. Muna roƙon wanda ya tsinci wani abu ya riƙe wurin a ransa, ya sanar da maigari.

Ku kuma samari, in kun zo gida da damina, ku zauna wurin tsohon maƙeri ko mahalbi, ku roƙe shi ya ƙyasta muku wuta, ya nuna muku inda ake samo ƙanƙara a dajinmu. Ku rubuta abin da ya faɗa ku aiko mana, mu buga a fitowa ta gaba.