Talabijin ɗin Lakwal a Nijar: Abin da 1964 Ta Bar Mana

A shekara ta 1964, da taimakon Faransa, Nijar ta soma koyar da yara ta hanyar talabijin a wasu azuzuwa na kewayen Yamai. Malaman da ke cikin ajin ba su samu dogon horo ba; darasin, wanda ake yi da Faransanci, daga akwatin yake fitowa. Yara sun iya magana da harshen, amma tsadar kayan aiki ta hana shirin game ƙasa, daga baya aka dakatar da shi. A ganinmu, kafin a raba wa lakwal kwamfuta yau, sai mun amsa tambayoyi biyu: wa zai horar da malami, kuma da wane harshe yaro zai binciki abin da ransa ke so?