Titaniyom ko Sitil: Nazari a Kan Sifirin na Shokozobar Baya a Keken Tsaunuka

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta sifirin na titaniyom da na ƙarfen sitil a shokozobar baya ta keken tsaunuka, ta fuskar tauri da nauyi da juriya da tsada. Lissafi ya nuna cewa titaniyom yana rage nauyi, ba ya kuma tsatsa, amma ba ya ƙara wa keke laushi matuƙar taurin sifirin biyun ɗaya ne.

Gabatarwa

A gasar gangaro ta duniya, kamar wadda aka sha yi a Fort William da ke Sikotilan, tayar baya tana bugun duwatsu da saiwoyi ba ƙaƙƙautawa na tsawon mintoci. Mahaya da yawa sun fi amincewa da sifirin murɗaɗɗe a kan shokozobar iska, domin zafi ba ya sauya halinsa sosai, kuma yana amsa ƙananan gargada nan take. Matsalarsa ita ce nauyi. Shi ya sa kamfanoni irin su Renton Coil Spring na jihar Washinton a Amurka suka shiga ƙera shi da titaniyom, mahaya kuma suka fara musu: shin kuɗin da ake zubawa yana biyan buƙata?

Hanyar nazari

An yi amfani da dokar Robert Hooke ta 1678, wadda ta nuna cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da ya danne shi. Abubuwa huɗu ke yanke taurinsa: kaurin waya, faɗin murɗi, yawan zobba masu aiki, da ƙarfin da ƙarfen yake da shi na ƙin murɗuwa. Wannan ma'auni na ƙarshe ya kai kusan gigafaskal 79 a sitil, alhali a gaurayen titaniyom na Beta-C yana wajen 40. Ta fuskar nauyi kuwa, kowane santimita kubik na sitil giram 7.85 ne, na Beta-C kuma kusan 4.8.

Sakamako

Tunda titaniyom ya fi saurin murɗuwa, rabin zobban sitil sun ishe shi ya kai tauri ɗaya, idan waya da faɗi ba su sauya ba. A haɗa rabin zobba da sauƙin ƙarfen, sai lissafi ya ba da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin sitil. A zahiri ragin bai kai haka ba, saboda zobban baki biyu da ba sa aiki, da kuma ƙara kaurin waya da maƙera ke yi don sifirin ya daɗe.

Abin lura shi ne inda wannan ragi yake zaune. A ɗauka an rage giram 200. Baki ɗaya na sifirin a tsaye yake, ɗayan ne ke motsi, don haka kusan sulusin nauyinsa kaɗai ke shiga lissafin motsi, wato giram 67. Sannan a keken da tayarsa ke tafiya milimita 3 kafin shokozoba ta lotsa milimita 1, ana raba wannan adadi da 9, wato 3 sau 3. Abin da taya ke ji kusan giram 7 ne kawai, nauyin da laka kaɗan a jikin taya ta fi shi. Ragin giram 200 yana nan a jimillar nauyin keke, mai hawan tudu zai amfana da shi, amma da wuya ya sauya yadda taya ke bin ƙasa.

Tattaunawa

Sifirin mai laba 450 a kowane inci laba 450 yake buƙata kafin ya lotsa inci ɗaya, ko da wane ƙarfe aka yi shi. Wanda ya sauka daga 500 zuwa 450 ya rage tauri da kashi 10 cikin 100, kuma wannan jiki yana jin sa nan da nan. Ke nan laushin da ake jingina wa titaniyom zai iya fitowa daga bambancin tauri tsakanin tsohon sifirin da sabo.

Tsadar titaniyom tana da tushe. Hanyar tace shi da William Kroll ya ƙirƙiro, wadda masana'antu suka runguma tun shekarun 1940, tana cin wuta da lokaci, kuma jan wayarsa da murɗa ta aiki ne mai wuya. Ko a motoci bai yaɗu ba, duk da cewa Volkswagen ta sa shi a bayan Lupo FSI a farkon shekarun 2000. Yana kuma da rauni wajen ƙarzuwa: tabo a fatar waya na iya zama mafarin tsagewa. Amma a wurare masu damshi da laka, rashin tsatsarsa riba ce ta gaske.

Sitil ma bai tsaya cik ba. Kamfanin Fox ya fito da sifirin SLS, kamfanin Cane Creek ya fito da VALT, dukansu da waya mai ƙarfi da ƙarancin zobba, suka cike mafi yawan giɓin nauyi a farashi mai sauƙi.

Kammalawa

Nazarin yana ba da shawarar mahayi ya fara da sitil mai araha, ya gwada tauri biyu ko uku har keke ya lotsa kusan kashi 30 cikin 100 idan ya hau. Bayan nan ne sayen titaniyom ko sitil marar nauyi zai yi ma'ana. Bincike na gaba ya kamata ya auna taurin kowane sifirin a na'ura, sannan a ba mahaya su gwada ba tare da sanin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ba.