Shin Ingila Ta Yi Finafinan Kumbo Da Kuɗi Kaɗan?

To, malam mai sauraro, ka tambaya ko gaskiya ne Turawan Ingila sun yi finafinan kumbo da dodannin sararin samaniya ba tare da maƙudan kuɗi irin na Amurka ba. E, gaskiya ne.

A 1955 wani ƙaramin kamfani mai suna Hammer ya fito da The Quatermass Xperiment, wanda ya samo daga wasan talabijin na BBC na 1953. Labarin mutum uku ne da suka tafi sama cikin kumbo, ɗaya kaɗai ya dawo, jikinsa kuma yana rikiɗa zuwa dodo.

Kuɗin da aka kashe wajen fam 42,000 ne kacal. Wani tsohon gida a Bray, bakin kogin Thames, kamfanin ya mayar wurin aikinsa. Shi kuwa dodon, da roba da tumbi aka haɗa shi, irin tumbin da kake saye wurin mahauci. Aka kuma ɗauko ɗan wasan Amurka, Brian Donlevy, domin hajar ta karɓu a can.

Kasuwa kuwa ta buɗe, har kamfanin ya biyo da Quatermass 2 a 1957. Ka ga ke nan, dabara ta cike giɓin jari. Da fatan ka gamsu.